Yadda ake rage lokaci a rabin gudun fanfalaki a Damagaram

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. A fili mai kewayen mita 400, zagaye 53 ke nan ba kaɗan. Wanda ya taɓa gama shi sau ɗaya ya san cewa kaiwa ƙarshe daban, kaiwa cikin lokacin da ka ɗibar wa kanka daban. Manyan duniya sun yi nisa: Yomif Kejelcha na Habasha ya yi shi cikin minti 57 da daƙiƙa 30 a birnin Balensiya na Sifaniya a 2024, 'yar ƙasarsu Letesenbet Gidey kuma ta yi awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a garin a 2021. Kai abokin karawarka shi ne lokacinka na baya, kuma a Zinder rana ce ta fi kowa cin wannan lokaci.

Fara da lissafi tun kafin ka ɗaura takalmi. Je filin wasa da asuba, ka yi kilomita 10 iyakar ƙarfinka, wato zagaye 25, ka riƙe lokacin. Ninka shi sau 2.2, abin da ya fito shi ne kusan abin da jikinka zai iya a kilomita 21 in ka yi horo sosai. Mai yin kilomita 10 a minti 54 yana bakin awa 2. Mai yin ta a minti 50 zai iya harin awa 1 da minti 50. Daga nan sai ka fasa burin zuwa kilomita ɗai-ɗai: awa 2 na nufin kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41, awa 1 da minti 45 na nufin minti 4 da daƙiƙa 59, awa 1 da rabi kuma minti 4 da daƙiƙa 16. Kada ka ɗauki burin abokinka don kuna fita tare. Wanda ya sa wa kansa lokacin da ya fi ƙarfinsa da minti goma yakan ƙare da tafiya a ƙasa tun kilomita ta 15.

Sai zaɓen lokacin shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 da rana, jini ya koma fata don sanyaya jiki, zuciya ta riƙa bugawa da sauri a gudun da a da ba ya wahalar da kai. Ba a neman sabon lokaci a bazara. Disamba da Janairu ne damarka, lokacin da asuba ke da sanyi har sai an sa rigar sama. Ƙirga mako 12 baya daga ranar tseren, za ka ga horon ya fara ne a wajen Oktoba, bayan ɗaukewar damina. Abu biyu ke tare da wannan lokaci. Na farko zazzaɓin cizon sauro: in jikinka ya yi zafi, ajiye gudu, je a gwada jini, kada ka koma sai ka gama magani ƙarfi ya dawo. Na biyu hazo da ƙurar hunturu. Ranar da ƙura ta rufe gari har ba ka hango duwatsun unguwar Birni sosai, mayar da gudun mai tsanani zuwa gobe, musamman in kana da asma.

Kwana huɗu a mako sun isa. Biyu daga ciki gudu ne na sannu, kilomita 6 zuwa 8, a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Nan ne yawancin matasa ke ɓata aikinsu. Ana fita rukuni, wani ya ja gaba, kowa ya bi don kada a ce ya gaza, gudun sannu ya zama tsere. Washegari ƙafa ta yi nauyi, ranar da ake buƙatar sauri kuma babu shi. Gudun sannu shi ke gina zuciya da ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, shi ke ƙarfafa agara da gaɓoɓi su jure dukan ƙasa. Ga mai harin awa 2, sannu na nufin minti 6 da rabi zuwa 7 a kilomita. In kunya ta hana ka yin wannan a gaban abokai, fita kai kaɗai.

Rana ta uku ta sauri ce. Ɗumama jiki da kilomita 2, sannan ka yi mita 1000 sau huɗu a saurinka na kilomita 10, da hutun minti 2 na sassarfa a tsakani. Kowane mako biyu ƙara ɗaya har su kai shida. Daga mako na shida riƙa musanya wannan da gudu a ainihin saurin tseren: kilomita 5, sai 6, sai 8 a jere ba tsayawa. Ga mai awa 2, kowane zagayen fili minti 2 da daƙiƙa 16 ne. Duba agogo a kowane zagaye har ƙafarka ta haddace saurin.

Rana ta huɗu dogon gudu. Fara da kilomita 10, ƙara ɗaya ko biyu kowane mako har ka kai 18 zuwa 20, amma kowane mako na huɗu koma baya da kashi ɗaya cikin uku don jiki ya warke. Hanyar Mirya, mai kimanin kilomita 18 daga gari, ta dace da wannan. Tashi da an sallame sallar asuba, bi gefen da kake fuskantar motoci masu zuwa, sa riga mai haske saboda manyan motoci da 'yan kabu-kabu. Shirya da wani ya biyo ka a babur da ruwa, ko ka yi rabi ka juyo. Rairayi na da kyau ga ƙarfin ƙafa sau ɗaya a mako, sai dai yana jan agarar dunduniya, kuma in tseren a kwalta za a yi, dole yawancin dogon gudunka ya zama a kwalta. Bayan damina gefen hanya cike yake da ƙarangiya, ƙwara ɗaya a cikin safa ta isa ta fasa maka fata kafin kilomita biyar.

Ruwa kuma a auna shi. Hau sikeli kafin gudun awa ɗaya, ka sake hawa bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. A dogon gudu sha rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, kurɓi-kurɓi, ledar ruwa ɗaya ke nan ko ɗaya da rabi. Gumi na fita da gishiri, shi ne farin da ke bushewa a wuyan riga. Haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ɗura zallan ruwa fiye da kima ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Gudun da ya wuce minti 75 na son abinci a hanya: dabino uku ko huɗu kowane minti 40, a cire ƙwallon tun a gida. In horo ya faɗo cikin azumi, mayar da gudu mai tsanani bayan asham, ka rage yawansa.

Takalmin gwanjo ba laifi in ka duba shi da kyau. Danna tafin da babban yatsa, in ya yi tauri kamar katako ko ya cinye ta gefe ɗaya, bar shi ko da samansa na sheƙi. Bar faɗin yatsa ɗaya tsakanin babban ɗan yatsan ƙafa da bakin takalmi, domin ƙafa na kumbura a hanya, matsattsen takalmi ne ke baƙanta farce. Shafa man basilin a cinya da hammata da kan nono.

Kwana goma na ƙarshe rage nisan gudu zuwa rabi, ka bar ɗan sauri kaɗan don ƙafa ta zauna a farke. Daren tsere ci shinkafa ko tuwo da miya marar yaji, ka ƙyale wake da zogale da kilishi. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, koko da burodi, ban da ƙosai saboda mai. Kada ka gwada sabon takalmi ko sabon abinci a ranar.

Da an busa usur jama'a za su kwasa a guje. Ƙyale su. Yi kilomita uku na farko da jinkirin daƙiƙa 5 zuwa 10 a kan saurin burinka, sannan ka zauna a kansa. Rubuta ma'aunin a bayan hannu da biro: ga awa 2, ba tare da lissafa jinkirin farkon ba, kilomita 5 a 28:25, 10 a 56:50, 15 a 1:25:15, 20 a 1:53:40. In ka isa kilomita 5 da gaban minti ɗaya, ka ci bashin da za ka biya da riɓi biyu bayan ta 16, domin ka ƙone sukarin tsoka da wuri. In iska na kaɗowa daga gabas ta tare ka, laɓe bayan masu gudu irin naka. Daga kilomita 16 ne ake sakin abin da ya rage. Amma in jiri ya kama ka, tsigar jikinka ta tashi cikin zafi, ko ka fara tangaɗi, tsaya nan take, shiga inuwa, a kwarara maka ruwa a kai da jiki, in hankali ya fara gushewa a wuce da kai asibiti.

Kafin ka rubuta sabon lokacin a littafinka, tabbatar hanyar ta cika kilomita 21.1. Wayar hannu kan yi kuskuren mita ɗari ko fiye, ma'aunin babur ma haka. Gwada su biyun a zagaye goma na fili, wanda ya nuna kilomita 4 daidai shi za ka auna hanyar da shi.