Yadda Kirista zai tsara baikonsa domin aikin Allah

Kiristan da yake so ya yi baiko hannu sake ya kamata ya fara shiri tun daga gida, domin wanda ya bari sai an ɗaga waƙar baiko kafin ya laluba aljihu, ragowar kuɗin cefane kawai zai kai gaban Ubangiji. A 1 Korantiyawa 16:2 Manzo Bulus ya umurci masu bi su riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako, kowa gwargwadon samunsa. Saboda haka ma'aikaci ya fitar da nasa ranar da albashi ya shigo, ɗan kasuwa kuma ya cire daga ribar mako, ba daga jari ba.

Lissafin manomi daban ne, domin a ƙauyukan Tsibiri da Madarunfa na jihar Maraɗi a Nijar yawancin samu da kaka yake zuwa. Littafin Firistoci 27:30 ya ce ushirin amfanin ƙasa na Ubangiji ne, ko na hatsi ko na 'ya'yan itace. Wanda ya ɗaure dami hamsin na gero sai ya ware biyar tun suna jere a gona, kafin amalanke ta kwashe su, gama abin da ya riga ya shiga rumbu fitarsa da wuya, balle idan bazara ta yi nisa, tiyar hatsi ta yi tsada. Haka zai yi da wake da gyaɗa. Da irin wannan hatsi ikilisiya take ciyar da mai bishara da ke zaune a ƙauye, ta kuma tallafa wa gwauraye da marayu kafin sabon amfani ya nuna.

Game da yawan abin da za a bayar, ina ganin kashi ɗaya cikin goma mafari ne mai kyau, amma Sabon Alkawari ya fi dubban zuciya. A 2 Korantiyawa 8:12 an nuna cewa ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, a 9:7 kuma an ce kada a bayar da ɓacin rai ko a kan tilas. Yesu ya yabi gwauruwar da ta zuba anini biyu fiye da attajiran da suka zuba da yawa, don haka dala ashirin (wato sefa ɗari) ɗin mai sayar da ƙosai ba abin raini ba ne. Kada kowa ya ci bashi domin a yaba masa, kada kuma ya bar iyalinsa da yunwa, gama 1 Timoti 5:8 ya tsawata wa wanda ba ya kula da mutanen gidansa.

Baikon ya fara zuwa ikilisiyar da mutum yake sujada, sa'an nan, idan da hali, ya kai ga ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ko marasa lafiya. Mai bayarwa ya yi shi a ɓoye kamar yadda Matiyu 6:3 ya koyar, amma masu karɓa su yi nasu aikin a fili. Bulus kansa bai yarda ya riƙe gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba, ikilisiyoyi suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka ta don kada a sami abin zargi. Dattawa biyu ko uku su ƙirga kuɗin tare bayan sujada, ma'aji ya rubuta, a kuma karanta wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi.