Kurakuran da masu buɗe gidajen marayu da ƙungiyoyin riƙon yara suka fi yi, da hanyar gyara su

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni goggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta da zarar an yaye ta, ta raine ta har ta kai ta ɗakin miji, kuma ba wanda ya taɓa neman takarda a kan haka, domin dangi gaba ɗaya su ne shaidu, kowa ya san 'yar wane ce da kuma hannun da take. Amma daga ranar da mutum ko ƙungiya suka fara tara yaran da ba jininsu ba a gida ɗaya, ko suka fara miƙa su ga iyalan da ba su san asalinsu ba, waɗancan shaidun sun ɓace, sai doka ta maye gurbinsu. Ba ni da shakka cewa akasarin masu wannan aiki don Allah suke yi. Sai dai kurakuran da ke jefa su cikin matsala, su kuma cutar da yaran, kusan duk tushensu ɗaya ne, wato zaton cewa wanda yake ciyar da yaro shi ke da ikon yanke hukunci a kan makomarsa.

Kuskuren da aka fi farawa da shi shi ne ɗaukar takardar rajistar hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin lasisi. Za ka shiga ofishin mai gida ka tarar an yi mata firam an rataye a bango, idan ka tambayi izinin ajiye yara sai a nuna maka ita. Abin da wannan takarda ke tabbatarwa kawai shi ne ƙungiyar tana da suna da amintattu a idon doka, tana iya buɗe asusun banki da mallakar fili. Izinin karɓar yara kuwa yana hannun gwamnatin jiha, ta ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da walwalar jama'a, kuma ba a bayar da shi sai jami'anta sun zo sun ga ginin, da makwancin yara, da banɗaki, da ruwan sha, da mutanen da za su yi renon. Gyaran shi ne a nemi wannan izini a rubuce kafin yaro na farko ya kwana a gidan, a kuma tambayi lokacin sabunta shi. Wanda ya riga ya buɗe ba tare da shi ba, gara ya kai kansa ma'aikatar da jerin sunayen yaran da ke hannunsa, da a ce sai ranar da aka kawo samame.

Akwai kuma masu dogara da dokar da ba ta jiharsu ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 tana aiki kai tsaye ne a Abuja, kowace jiha kuma sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano a 2023, kuma jihohin Arewa da dama sun yi gyare-gyare don dacewa da shari'ar Musulunci. Don haka a nemi kwafin dokar jihar da gidan yake, a zauna da lauya a karanta ta.

Inda na fi son a tsaya a yi nazari shi ne ranar da ake karɓar yaro, domin abin da aka rasa a wannan rana ba kasafai ake sake samunsa ba. A ce da asuba an tsinci jaririya a bakin masallaci, an naɗe ta da zanen atamfa, cibiyarta ko faɗuwa ba ta yi ba. Jama'a sun taru, wata dattijuwa ta ce a kai ta gidan Hajiya mai marayu, Hajiya kuma tausayi ya kama ta, ta karɓa, ta yi mata wanka, ta sa aka jefar da zanen saboda ya yi datti, bayan kwana bakwai aka raɗa mata suna. Kowa ya yi abin da yake ganin alheri ne, amma an tsallake mai unguwa, an tsallake 'yan sanda, ba a kai ta asibiti likita ya rubuta halin da aka same ta ba, jami'in walwala bai sani ba, zanen da wata rana wani zai iya gane shi kuma ya tafi bola. Yadda ya kamata a yi shi ne a fara ceton rai, a kai ta asibiti, sannan a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa a karɓi takardar rahoto, a sanar da ma'aikata, ita ce za ta nemi umarnin kotu da zai faɗi inda jaririyar za ta zauna yayin da ake cigiyar danginta. A ɗauki hotonta a ranar, a rubuta wuri da lokaci da sunan wanda ya tsince ta, a wanke zanen a adana.

Mai ganin wannan wahala ce ya tuna da watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha a jihar Anambra, an canza musu sunaye. Tun daga lokacin mutanen Arewa suka ƙara sa ido a kan duk wanda ke riƙe da yaran da ba nasa ba, kuma suna da gaskiya. Idan jami'an hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane suka ƙwanƙwasa ƙofa, ba zuciyar mai gida za su duba ba, takardun kowane yaro za su nema.

Wannan ya kawo mu ga fayil. Na taɓa ziyartar wani gida inda duk tarihin yaran yake a cikin littafin rubutu guda ɗaya irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yage, ruwan sama ya taɓa wasu shafukan har tawadar ta baje. Da na tambayi garin su wani yaro, sai aka ce matar da ta sani ta bar aiki. Kowane yaro yana bukatar fayil nasa na kansa, mai ɗauke da rahoton 'yan sanda, da umarnin kotu, da takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin rigakafi, da sakamakon makaranta, da sunan duk wani ɗan'uwa da aka sani ko da na nesa ne. A ajiye shi a kabad mai makulli, a kuma yi kwafi a kwamfuta saboda gobara.

Kuskure mafi hatsari shi ne bayar da yaro riƙo ta bayan fage. Wani mai hali ya zo, ya daɗe da aure ba haihuwa, ya kawo buhunan shinkafa, ya roƙi a ba shi yarinya, sai mai gida ya ga mutumin kirki ne ya miƙa masa. Ko da mutumin kirki ne, mai gidan marayu ba shi da wannan iko, na kotu ne. Dokar 2003 ta sa sharaɗin mai neman riƙo ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, yana da halin ɗaukar nauyinsa, likita ya tabbatar da lafiyarsa, idan yana da aure kuma a sami yardar abokin zamansa. Marar aure sai ya kai shekara 35, kuma jinsinsa ɗaya da yaron. Ba a ba mutum ɗaya fiye da yara uku sai da dalili na musamman. Karɓar kuɗi domin a bayar da yaro laifi ne, ko da an kira shi gudunmawa ko tukuici, saboda haka duk wanda ke neman riƙo kada a karɓi ko sisinsa har a gama shari'ar. Aikin ƙungiya shi ne ta binciki gidan mai neman riƙon, ta zauna da matar gida ita kaɗai ta ji ko da son ranta ne, domin a hannunta yaron zai wuni, ta tambayi maƙwabta da limamin unguwa, sannan ta miƙa rahotonta ga jami'in walwala.

Bayan an miƙa yaro kuma sai a manta da shi, alhali a nan ne aikin ya fara. Sau da yawa 'yar riƙo takan koma 'yar aiki ko 'yar talla yayin da 'ya'yan gida ke tafiya makaranta. Maganin haka ziyara ce a kai a kai, wani lokaci ba tare da sanarwa ba, a keɓe da yaron a ji ta bakinsa, a leƙa makarantarsa a ga rajistar zuwa. A kuma rubuta cikin sharuɗɗa cewa mariƙi zai sanar kafin ya tashi daga gidan ko ya fita da yaron daga jihar.

Batun suna da nasaba ma ana yawan yin kuskure a kansa, galibi don a rufa wa yaro asiri. Musulunci ya kwaɗaitar da kafala, wato ɗaukar nauyin maraya, amma ya hana a jingina shi ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta a kira su da sunan ubanninsu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta. Don haka kada a rubuta sunan mariƙi a gurbin uba a takardar haihuwa. A kuma fahimtar da iyalin tun farko cewa riƙo ba ya sa gado, wanda ke son ya bar wa ɗan riƙonsa wani abu sai ya yi masa kyauta tun yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Haka nan riƙo ba ya sa muharramaka sai in an shayar da yaron cikin shekarun shayarwa.

Game da ma'aikata, kada a ɗauki mai reno ko mai gadi don kawai ɗan'uwan wani ne. A nemi masu tsaya masa, a binciki inda ya yi aiki a baya, a raba makwancin maza da na mata, a hana baligi kwana shi kaɗai da yaro a ɗaki a kulle, a rubuta cewa ba duka ba ɗauri. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wata cibiya, cikinsu har da yara, wasu da mari a ƙafa, ya nuna abin da ke faruwa a gidan da ba wanda ke shiga ya duba. Sufeto idan ya zo a buɗe masa kowane ɗaki.

Kuɗin gudunmawa su shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, ba asusun mai gida ba, a kuma yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Idan maraya yana da gadon mahaifinsa, wannan dukiyarsa ce, ba a cakuɗa ta da ta gida, a rubuta ta da shaidu har ranar da za a miƙa masa. Jera yara a gaban kwalayen taliya ana ɗaukar fuskokinsu ana sakawa a Facebook kuwa ya kamata a daina, domin hoton zai bi yaron har ranar neman aurensa.

Da yawa daga yaran da ke gidajen marayu suna da uwa a raye, ko kaka, ko kawu, talauci ne ya kawo su. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyalinsa ba. Idan bazawara ta zo da 'ya'ya uku tana kuka, kafin a shimfiɗa musu katifa a lissafa abin da za a kashe a kansu a wata, a duba ko rabin wannan kuɗin zai biya mata haya da kuɗin makaranta su zauna tare da ita. Waɗanda kuma ba su da kowa, a fara shirin fitarsu tun suna shekara 15, da sana'a ko karatu, da takardunsu a hannu, da wani babba da ya amince zai tsaya musu a matsayin waliyyi ko uban gida bayan sun cika 18.