Dogon hutu: a tura matasa laburare

Assalamu alaikum iyaye. Dogon hutu ya shigo, sai cikin Satumba za a koma, ga ruwan Agusta na Jos yana kulle yara a ɗaka, kowa ya duƙufa kan waya. Shawarata, 'yan shekara 13 zuwa 18 a riƙa tura su laburare. Muna da reshen Laburaren Ƙasa a nan garin. A can ake karatu, ba a fita da littafi, don haka su riƙe biro da littafin rubutu.

Amma kada a tura yaro shi kaɗai, nan da nan zai gundura. A haɗa uku ko huɗu 'yan unguwa ɗaya su hau Keke tare, kowa da aikinsa takamaimai. Mai shirin WAEC ko JAMB ya tunkari darasin da ke ba shi wuya. Sauran su binciko tarihin haƙar kuza a Filato, ran Juma'a bayan Magariba su zauna su ba mutanen gida labarin abin da suka gano. In ba a tambayarsu, wallahi hira kawai za su je yi.

Uba ko uwa su fara leƙawa, su tambayi ma'aikata lokacin buɗewa da ƙa'idar rajista. A ba yaran lema da rigar sanyi.