Yadda ake ɗaure rairayi da garin dutse da ƙwayoyin bakteriya

Duk ɗalibin da ya zo mini da buhun garin dutse, kafin mu gama gaisawa nake ɗiga masa ruwan khal. Idan bai yi kumfa ba, a mayar da shi inda aka ɗebo. Yawancin wuraren fasa dutse a Arewa, irin na Mpape a Abuja, giranait suke fasawa, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne kuma khal ba ya fito da shi. Wanda ake so shi ne irin dutsen da ake siminti da shi, na Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza ta Nijar, don kalsiyam ɗin da khal zai narkar daga cikinsa ne zai ɗaure rairayin.

A tankaɗe garin ya yi laushi. Lita ɗaya ta khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ba za ta narkar da abin da ya wuce giram 42 ba, amma ni giram 60 nake zubawa don tsamin ya samu abin ci. A riƙa motsawa safe da yamma har kumfar ta mutu, ko da zai ɗauki kwana 3, sannan a tace.

Nan ne na taɓa yin asara. Na ga ruwan ya yi garau, na ɗura shi kan ƙwayoyin bakteriyar nan mai suna Sporosarcina pasteurii da na sha wahalar raino, bayan mako guda na buɗe bututun da na cika da rairayi, rairayin ya zube mini a tafin hannu kamar gishiri. Ashe sauran tsami ne ya gama da su. Ƙwayoyin nan ba sa shiri da tsami ko kaɗan. A sa ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami, a riƙa ɗiga ruwan sodar sabulu da sirinji, ɗigo-ɗigo, har ya tsaya a 7. Kada a yarda da ido ko hanci.

Sai a zuba yuriya kamar giram 25 a kowace lita. Ta taki ma tana yi, ta kuma fi ta kwalba, wato ta ɗakin gwaji, araha nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin bakteriyar ne ke fasa yuriyar, abin da ya fito ya haɗu da kalsiyam ya koma dutse a tsakanin ƙwayoyin rairayi.

Rairayi za a cika bututu da shi, ban da yumɓu, ƙofofinsa sun yi ƙanana. Ƙwayoyin bakteriya su fara shiga, a ba su 'yan sa'o'i su zauna, sannan ruwan kalsiyam a hankali, sau ɗaya a rana, don gaggawa na toshe bakin bututun. A buɗe taga saboda warin ammoniya. Bayan mako guda a wanke, a busar, a kai injin matsa don a gwada ƙarfinsa.