Yadda Ake Canza Giya a Mota Mai Fowil Ba Tare da An Ƙona Kulochi Ba

A mota mai ja da taya biyu, in ka saki kulochi da ƙarfi, tayoyin sukan zame su yi ƙara, bugun ya ƙare a nan. Mai ja da taya huɗu, wato mai fowil, ba haka take ba. Duk tayoyin sun kama ƙasa, babu mai zamewa, sai bugun ya koma kan farantin kulochi, giyabos, farfela da shaf (sandunan da ke kai juyi zuwa tayoyi). Shi ya sa direban da ya saba da ƙaramar mota yake cinye kulochin mai fowil da wuri.

Fara da sanin irin motarka. Akwai wadda tayoyinta huɗu suke ja kullum, kamar Subaru da Audi quattro. Akwai kuma irin Hilux, wadda kai ne kake sa fowil ɗin da ƙaramar sanda kusa da giya, ko da maɓalli a sababbi, mai rubutun 2H (ja da taya biyu), 4H (ja da huɗu) da 4L (ja da huɗu da ƙarin ƙarfi a ƙaramin gudu).

Wajen tashi, taka kulochi har ƙasa, ka sa giya ta ɗaya. Ba ta ɗan wuta, allurar da ke nuna juyin inji ta kai wajen 1,200 zuwa 1,500. Ɗago ƙafa a hankali har ka ji motar ta fara ja, ka riƙe a nan na ɗan lokaci, da ta motsa ka saki kulochin gaba ɗaya, sannan ka ƙara totur. Kada ka cika wuta kana riƙe da rabin kulochi. Wannan warin ƙonewa da ake ji, farantin ne yake cinyewa. A hawa, birkin hannu ne zai riƙe motar.

Ƙara giya ba wuya. Mai dizal ka canza tsakanin 2,000 da 2,500, mai fetur 2,500 zuwa 3,000. Ɗaga totur, taka kulochi, kai sandar firi, ɗan dakata, sannan ka shigar. Kada ka tura ta da ƙarfi, kuma ka ɗauke hannu daga kanta da zarar ta shiga.

Rage giya ne yake buƙatar koyo. In za ka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, injin yana bukatar juyi fiye da wanda yake yi. In ka saki kulochi haka nan, tayoyi huɗu ne za su fizgi injin, motar ta yi tsalle. Maganinsa: rage gudu da birki tukuna, taka kulochi, ka ɗan buga totur sau ɗaya allurar ta hau da kamar 500 zuwa 1,000, ka shigar da giyar, ka saki kulochi kafin allurar ta faɗo. In ka dace, wanda ke zaune kusa da kai ba zai ji an canza ba. Ka gwada a miƙaƙƙiyar hanya lokacin da babu cunkoso, kamar tsakanin Birnin Kebbi da Jega, kuma ka gama rage giya kafin ka shiga kwana.

Ga masu Hilux, a kan kwalta busasshiya 2H ake tafiya. A 4H farfelar gaba da ta baya a kulle suke, dole su juya tare, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa. A yashi ƙasa takan ba da hanya, kwalta kuwa ba ta bayarwa: sitiyari ya yi tauri, sandar ta ƙi fita, ƙarfe ya ci ƙarfe. In ta maƙale, miƙe sitiyari ka yi ribas na 'yan mitoci, za ta sake. Tsofaffi masu makulli a cibiyar tayar gaba, sai ka sauka ka murɗa duka biyun zuwa LOCK, in ba haka ba fowil ɗin ba ya aiki. 4L kuwa sai motar ta tsaya cak, kulochi a ƙasa.

A yashin Arewa Dandi wajen Kangiwa, ko taɓon fadamar Argungu da Suru da damina, ka zaɓi giya tun kafin ka shiga, yawanci ta biyu a 4H, ko ta biyu zuwa ta uku a 4L in da kaya. Riƙe totur daidai, kada ka taɓa kulochi a tsakiya. Da ka taka shi yashi zai cinye gudun motar ta nutse, a cikin ruwa kuma laka ta shiga tsakanin farantin. In tayoyi sun fara haƙa, ɗaga ƙafa daga totur nan take ka koma baya kan sawunka. Rage iskar tayoyi zuwa kamar PSI 20 yana taimakawa sosai a yashi, amma a mayar kafin a hau kwalta. A gangaren duwatsun Zuru, sa ƙaramar giya ka bar injin ya riƙe motar. Sauka a firi ganganci ne, birki zai yi zafi ya daina kamawa.

Mai ja da huɗu kullum tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya, masu cinyewa kusan ɗaya, domin bambancinsu yana dumama na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In ta lalace a hanya, a ɗora ta kan babbar mota, kada a ja ta taya biyu a ƙasa. In kuma ka ba da wuta a giya ta huɗu, allura ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kulochi ya fara zamewa. Kai ta wurin bakanike kafin ya ɓata fulawil, wato faifan injin da farantin kulochi yake kamawa.