Yadda zaka gane ko sensar suga ta hannu tana faɗa maka gaskiya

Jama'a wannan na'urar auna suga da ake mannawa a bayan damtse ta fara shigowa har ƙauyukanmu, yawanci 'ya'ya ne da ke Kano ko Abuja ko masu dawowa daga Umara suke kawo wa iyayensu. Abin da ke bani haushi shi ne ba a kwana uku sai kaji an ce ai ƙarya take yi, an ɓalle ta an jefar, abin da aka saya da kuɗi masu ciwo kuma in ka cire ba ta komawa. In ka tambaya sai a ce wai an huda yatsa mita ta nuna 210 ita kuma ta nuna 160. Toh mafi yawan lokuta ba na'urar ce ta lalace ba, lokacin da aka yi gwajin ne ba daidai ba.

Ka fara riƙe wannan: sensa ba jini take aunawa ba. Ɗan siririn zaren nan da ke shiga ƙarƙashin fata ruwan da ke tsakanin tsoka yake karantawa, kuma suga sai ya fara hawa a jini kafin ya tsattsafo cikin wannan ruwan, tazarar takan kai minti 5 zuwa 15. Duk wanda ya zauna kusa da kogin Haɗejia ya san kogi ke fara cika, rijiyar da ke gefensa sai daga baya ruwanta ke tasowa. Haka abin yake.

Na farko, ranar da ka manna ta kada ka yanke mata hukunci. Sensa iri-iri ce: FreeStyle Libre sai ta yi awa ɗaya kafin ta fara bada lamba kuma kwana 14 take yi, Dexcom G6 awa 2 take jira ta yi kwana 10, G7 ɗin minti 30. Amma ko bayan sun fara, awa 24 na farko lambar tana yawo sama da ƙasa saboda wurin bai saba da zaren ba. Ni dai nafi son a manna da daddare bayan isha, kafin gari ya waye ta ɗan nutsu, a ranar farkon nan kuma mitar yatsa ce abin dogaro.

Na biyu, gyara mitar yatsan kanta, don ita ma ba wahayi ba ce. Ƙa'idar da ake bi a duniya ta yarda mita ta kauce da kashi 15 cikin ɗari in suga ya kai 100 ko ya wuce, in ƙasa da haka ne kuma da lamba 15. Kaga kenan abu biyu kake gwadawa kowanne da nasa kuskuren. Wanke hannu da sabulu ka bari ya bushe sarai. Wanda ya ɓare mangwaro ko ya taɓa dabino ko rake ya huda yatsa a haka, sugan da ke kan fata ne mita zata karanta. Tsinken gwaji kuma a duba ranar lalacewarsa, a rufe kwalbar da zarar an zaro ɗaya, kada a aje a ɗakin kwano inda zafin watan Afrilu ke gasa komai. Na kemis ɗin nan da ake sayarwa ɗai-ɗai a leda saboda arha, wallahi ni ban yarda da su ba, gara ku haɗa kuɗi ku biyu ku sayi kwalba rufaffiya.

Na uku, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa, shi ne zaɓen lokaci. Mutum zai ci tuwo malmala biyu ya kora da kunun zaƙi, minti ashirin sai ya ɗauko mita wai zai gwada na'ura. A lokacin nan suga gudu yake yi sama, jini ya riga ya yi gaba, sensa tana biye a baya, dole lambobin su bambanta kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa. Haka in an dawo daga gona ko an yi allurar insulin, suga na gangarowa, sai kaga mita ta nuna ƙasa sensa tana nan a sama bata sauko ba tukuna, wannan ma shi yafi haɗari. Saboda haka kafin ka huda yatsa duba kibiyar da ke gefen lambar a waya. In ta miƙe sama ko ta soka ƙasa, ko ma ta ɗan karkata, haƙura. Sai ka ganta a kwance, wannan ne lokacin gwaji. Mafi sauƙi shi ne da asuba kafin a karya, ko kuma bayan awa uku da cin abinci ba tare da an lasa komai a tsakani ba, ba goro da alawa ba shayi. Kuma a yi su tare, ka duba sensa ka huda yatsa a minti ɗaya, ba wai ka duba yanzu ka tafi masallaci ka dawo sannan ka huda ba.

Sai lissafi. Dexcom da kansu sun bada ma'auni mai sauƙi kuma ni da shi nake duba kowace iri: in mita ta nuna 80 ko sama, sensa ta zauna cikin kashi 20 cikin ɗari, in ƙasa da 80 ne ta zauna cikin lamba 20. Misali yatsa ya bada 150, duk abin da sensa ta nuna daga 120 zuwa 180 lafiya lau ne. Yatsa ya bada 250, daga 200 zuwa 300. Mutane na jin wannan sai su ce kai tazarar ta yi yawa, eh ta yi, amma amfanin sensa ba lamba ɗaya ba ce, ita ke nuna maka inda suga ya dosa da abin da ya yi cikin dare kana barci. Sannan a kula, wasu na'urorin da aka sayo daga waje da wani ma'auni daban da ake kira mmol suke ƙirgawa, zaka ga 7.5 a waya mita kuma 135, abu ɗaya ne, ninka lambar wayar da 18 kawai. Kada ka yi gwaji ɗaya ka tsaya, yi a safiya biyu ko uku ka rubuta a littafi. In kullum tana wajen ma'aunin nan sannan ne zaka ce ta samu matsala. Dexcom ana iya shigar mata da lambar yatsa ta gyara kanta, Libre babu wannan, sai dai canji.

Akwai abubuwan da ke ruɗa ta. Kwanciya a kan hannun da take, musamman mai kwana kan tabarma a ƙasa mai tauri, tana sa ta nuna suga ya faɗi alhali bai faɗi ba, juya ka jira kaɗan zaka ga ta dawo. Vitamin C mai yawa, sama da 500mg a rana, yana ɗaga lambar Libre 2. Maganin hydroxyurea da ake ba masu sikila yana ɗaga ta Dexcom sosai, wannan dole likita ya sani. Mai ƙarancin jini kuma mitar yatsa ce kan nuna masa sama da gaskiya.

Amma fa in jiki na rawa, gumi na karyowa, ido na ganin duhu, sensa kuma ta ce 110, dan Allah kada a tsaya gardama da waya, a huda yatsa. In ƙasa da 70 ne a sha suga ƙwaya uku zuwa huɗu ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, ko da azumi ake a karya. In babu tsinke a gida a bada sugan kawai matuƙar mutum na iya haɗiya, in ya suma kuma kada a ɗura masa komai, sai asibiti.

Ranar ganin likita, ko a asibitin Aminu Kano ne ko Birnin Kudu ko Rasheed Shekoni a Dutse, tafi da littafinka da wayar, ka duba sensa daidai lokacin da ake ɗibar jinin jijiya ka rubuta, don gwajin ɗakin gwaji shi ne alƙali a kan su biyun. HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga, na wata uku ne, ba sai ya zo daidai da ƙiyasin waya ba, balle ga mai sikila. Maganar gumi da ke ɓalle sensa kuwa, a goge wurin ya bushe kafin mannawa, in bakin ya fara ɗagowa a zagaye shi da filasta.