Yadda Za Ka Tsara Ziyarar Manyan Biranen Sifaniya

Kafin ka biya kuɗin jirgi ko ka kama ɗaki a otal, fara neman tikitin Alhambra. Wannan fada ta birnin Giranada tana da ƙayyadadden adadin mutanen da ake bari su shiga a rana, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar. Mutane da dama sukan isa bakin ƙofa da kuɗinsu a hannu, a ce musu babu. Ranar da ka samu a Alhambra ita ce turken tafiyar, sauran biranen a jikinta za ka ɗaure su.

Tsarin hanya

Kwana 11 sun isa a ga birane biyar ba tare da an galabaita ba: uku a Basalona, uku a Madrid, ɗaya a Kordoba, biyu a Sebiya, biyu a Giranada. Ka sayi tikitin jirgin sama mai sauka a Basalona, ya tashi daga Malaga ko Madrid, don kada ka ɓata yini guda wajen komawa baya. Wanda bai da fiye da mako guda, gara ya zaɓi Madrid da biranen kudu uku, ya bar Basalona sai wani jiƙon.

Da bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ake shiga Sifaniya. Tana ba da damar zaman kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba su ne suka fi daɗin yawo. A Yuli da Agusta zafin Kordoba da Sebiya yakan haura digiri 40, daga azahar zuwa bayan la'asar ba a iya komai a waje. Ka kuma duba kada ranakunka na Sebiya su faɗo a makon Ista ko bikin Feria de Abril, domin kuɗin ɗaki na iya ninkawa, ana kuma rufe tituna da yawa.

Tsakanin biranen, jirgin ƙasa mai sauri ya fi na sama. Basalona zuwa Madrid awa biyu da rabi ne zuwa uku, Madrid zuwa Kordoba ƙasa da awa biyu, Kordoba zuwa Sebiya kimanin minti 45, Sebiya zuwa Giranada kusan awa biyu da rabi. Kamfanoni uku ke gasa a manyan layukan, wato Renfe, Iryo da Ouigo, farashi kuma yana hawa yayin da ranar ke matsowa, don haka saya da wuri. A shafukansu da allunan tasha za ka ga an rubuta Barcelona, Córdoba, Sevilla da Granada. Abu biyu ke sa jirgi ya bar mutum. Na farko, Madrid tana da manyan tashoshi biyu, Atocha da Chamartín, kuma suna nesa da juna, sai ka karanta wadda ke kan tikitinka. Na biyu, ana saka kaya a na'urar bincike kafin a hau, ana kuma rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin tashi. Ka isa da rabin awa a hannu. Tikiti mafi araha yakan ƙayyade girman jaka.

Basalona

Majami'ar Sagrada Família ta intanet ake sayen tikitinta, da lokacin shiga a jiki. An aza harsashinta a 1882, mai zanen gine-gine Antoni Gaudí ya karɓi aikin a 1883, ya rasu a 1926 bai gama ba. Zaɓen lokaci yana da tasiri a kan abin da za ka gani. Tagogin gabas shuɗi ne da kore, da safe suke haske. Na yamma ja ne da ruwan lemo, kuma idan rana ta karkata sai haskensu ya kwanta a jikin ginshiƙan da aka yi wa rassa kamar bishiyoyi. Wanda zai iya, ya zaɓi yamma. Hawa hasumiya tikitinsa daban ne: da lif ake hawa, da ƙafa ake sauka ta matsattsiyar matakala mai murɗewa, ba a barin yara 'yan ƙasa da shekara 6, kuma iska ko ruwan sama kan sa a rufe.

Lambun Park Güell, wanda Gaudí ya tsara, shi ma da lokaci ake shiga, a kan tudu yake. Daga tashar metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, tafiya ce ta kusan minti 20 a hawa, mai tsoho ko ƙananan yara gara ya hau tasi zuwa ƙofar Carretera del Carmel ta sama. Gidajen Casa Batlló da La Pedrera, su ma aikin Gaudí, suna titi ɗaya, Passeig de Gràcia. Shiga ɗaya ya wadatar, ɗayan ka kalle shi daga waje.

Katin T-casual na tafiya 10 ne a metro da bas, na mutum ɗaya, kuma ba ya aiki a tashoshin metro na filin jirgi. Otal zai karɓi harajin baƙi na kowane dare, sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya tun farko.

Sai batun 'yan sane, wanda ya fi tsanani a titin La Rambla, cikin metro da bakin teku. Ba ƙarfi suke sawa ba, hankali suke ɗaukewa. Wani zai ce an zubo maka ƙazanta a riga ya fara goge maka, abokinsa na cikin aljihunka. Wasu kan cunkushe ƙofar jirgi daidai lokacin da za ta rufe. Jaka ta dawo gaba, kada waya ta kwanta a kan teburin cin abinci, kada ka rataye jaka a bayan kujera. Idan abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce, kuma sai ka je ofishin 'yan sanda an rubuta maka takardar da suke kira denuncia, domin ita inshora da ofishin jakadanci za su nema.

Madrid

Daga filin jirgin Barajas zuwa tsakiyar gari tasi yana da tsayayyen farashi, sama da yuro 30 kaɗan, ba a ƙara komai a kai. Gidan zane-zane na Prado, wanda aka buɗe a 1819, ya fi ƙarfin yini ɗaya. Ka ware awa uku, ka nufi ɗakunan masu zane Velázquez da Goya, sauran ka gani a kan hanya. Awa biyun ƙarshe na kowace rana kyauta ne, sai dai layin kan cinye rabin lokacin. Gidan Reina Sofía, inda zanen Guernica na Picasso yake, ba ya buɗewa ranar Talata.

Akwai wurin da yawancin baƙi ke wucewa ba su sani ba. A gefen majami'ar Almudena, kusa da Fadar Sarki, akwai ɗan lambu mai sunan Sarki Muhammad na Ɗaya na Kordoba, wanda ya kafa garin a ƙarni na 9 da sunan Majrit. Ragowar ganuwar wancan zamani tana nan tsaye, minti 10 sun isa a gan ta. Don sallar Juma'a, akwai babban masallacin Cibiyar Al'adun Musulunci da ke bakin titin M-30. Idan kwana ya rage, Toledo rabin awa ce daga Atocha.

Kordoba da Sebiya

Kordoba ita ce Ƙurɗubar da malamai suka sani a littattafai. Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina masallacinta wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har ƙarshen ƙarni na 10. Bayan Kiristoci sun ci garin a 1236 aka mayar da shi coci, a ƙarni na 16 kuma aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Da ka shiga daga farfajiyar itatuwan lemo, tsaya minti ɗaya idonka ya saba da duhu. Ginshiƙai ne sama da 850, a kansu bakan gini hawa biyu, jan bulo da farin dutse a jere. Wuce kai tsaye zuwa bangon alƙibla kafin ayarin baƙi su cika wurin, ka ga mihrabin da Alhakam na Biyu ya yi wa ado da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya. Ka sani tun daga gida cewa ba a barin Musulmi su yi salla a ciki, masu gadi za su tsayar da duk wanda ya tayar. Kwana a garin ya fi zuwan yini, domin da sassafe ne wurin ke da natsuwa. Kangon birnin Madinatuz Zahra yana kilomita 8 daga gari, ba a buɗe shi ranar Litinin.

A Sebiya abu biyu ne ke son a sayi tikitinsu tun da wuri: babbar majami'a da fadar Alcázar, suna kallon juna. Hasumiyar majami'ar, Giralda, asali ta masallacin daular Muwahhidai ce, an kammala ta a 1198, daga baya aka ɗora mata gidan ƙararrawa. Ba matakala ake takawa ba sai a can ƙarshe, gangara ce hawa sama da 30, shi ya sa ko mai ciwon gwiwa kan iya kaiwa sama a hankali. Alcázar kuwa, sashen da ya fi kyau Sarki Pedro na Ɗaya ne ya gina daga 1364, da magina Musulmi. Dandalin Plaza de España na baje kolin 1929 ka bar shi sai rana ta yi sanyi.

Giranada

Saya daga shafin hukumar Alhambra kanta, masu sayarwa na gefe suna ɗora riba mai yawa. Tikitin da kake so shi ne na gaba ɗaya, kusan yuro 20 ko sama kaɗan. Akwai mai rahusa na lambuna da ganuwa kawai, babu fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Giranada, a ciki, alhali su ne zuciyar wurin. Sunanka da lambar fasfo suna jikin tikitin, kuma fasfon ainihi ake nunawa a ƙofa. Yara ma sai da nasu tikitin, ko da kyauta ne.

Lokacin da aka buga a tikitin na shiga fadojin ne kaɗai, ba na babbar ƙofa ba. A nan mutane suka fi yin asara: daga babbar ƙofa zuwa fadojin tafiyar minti 15 zuwa 20 ce, kuma wanda ya makara ba a sauya masa lokaci. Ka shigo da awa guda a hannu, ka fara da ganuwar Alcazaba da ke kusa, ka shiga layi minti 10 kafin lokacinka, ka ƙare da lambun Generalife. Duka zai ci awa uku zuwa huɗu. A ciki kada ka yi sauri. Dubi bango daidai tsayin ido, inda tayil ya ƙare sassaƙar farar ƙasa ta fara, za ka ga taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", an maimaita shi ɗaki bayan ɗaki. A Farfajiyar Zakuna, zakuna 12 na marmara ne ke ɗauke da kwanon ruwa, ƙananan magudanai huɗu suna haɗa shi da ɗakunan gefe. Daga wannan fada Muhammad na Goma Sha Biyu ya fita ya miƙa garin a 1492.

Idan tikitin rana ya ƙare, gwada na ziyarar dare, ko tikitin Dobla de Oro, ko katin Granada Card, waɗanda ke haɗa Alhambra da wasu wuraren tarihi na garin. Da yamma hau unguwar Albaicín zuwa dandalin San Nicolás, inda ake hango fadar da tsaunukan Sierra Nevada a bayanta. Babban Masallacin Giranada, wanda aka buɗe a 2003, yana gefen dandalin, kuma daga lambunsa ana ganin abu ɗaya ba tare da cunkoso ba. A kusa da majami'ar gari wasu mata kan miƙo ɗan reshen ganye kamar kyauta, idan ka karɓa sai su kama hannunka su nemi kuɗi. Ka ce "no, gracias" ka wuce.

Abinci

Abincin rana daga ƙarfe 2 zuwa 4 ne, na dare daga 8:30 ko 9, a tsakani kicin da yawa a rufe suke. A ranakun aiki nemi menú del día, abinci kala biyu da abin sha da kayan zaƙi a farashi ɗaya, shi ne mafi sauƙin kuɗi. Ruwan famfo ana sha, doka kuma ta wajabta wa gidajen abinci bayar da shi kyauta ga wanda ya nema.

Naman alade yana shiga inda ba a zato. Kalmomin da za ka haddace su ne cerdo, jamón, chorizo, tocino, panceta, morcilla, da manteca, wato kitsensa. Ana barbaɗa jamón a kan miyar salmorejo ta Kordoba, ana sa shi a ƙananan soyayyun curi da suke kira croquetas, kitsen kuma yana cikin wasu kayan fulawa. Cewa ba ka cin nama bai isa ba, domin masu kawo abinci da yawa ba sa lissafa jamón a cikin nama. Tambayi kai tsaye, "¿Lleva cerdo o jamón?" Wainar ƙwai da dankali da suke kira tortilla, soyayyen kifi, miyar tumatir mai sanyi ta gazpacho da shinkafar paella ta kayan teku yawanci ba su da matsala. Gidajen abincin halal sun fi yawa a Raval ta Basalona, Lavapiés ta Madrid, da titin Calderería Nueva na Giranada. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Madrid sai kusan 10 saura kwata na dare, sai ka sa manhajar lokutan salla a waya ka gyara ta duk garin da ka sauka.